Hannun Hagun Yaya a Kan Sandar Golf

Shekarar da ɓarin jikin Yaya ya shanye ban taɓa gajiya irin tata ba, kuma ba zaryar asibiti ce ta gajiyar da ni ba. Ƙwallon golf ne, ɗan farin abin nan da bai kai ƙwan kaza ba.

Yaya shi ne babba a gidanmu na Ƙofar Jatau, ni ne auta. Mahaifinmu ya rasu ina ƙarami, don haka a hannun Yaya na tashi. Shi ya kai ni makaranta, shi ya je nema min aure. Hedimasta ne har ya yi ritaya, mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa da jan biro a hannu yana gyara wa mutane kuskure, shi kuwa ban taɓa jin wanda ya gyara masa ko da zaman hula ba. A gidanmu ƙane ba ya ce wa wansa a'a. Ba ya kama sunansa, ba ya hawa tabarma ɗaya da shi, ba ya taɓa jikinsa sai in gaisuwa ce shi ya fara miƙo hannu. Na yi furfura, na aurar da 'ya'ya, amma in na shiga zauren Yaya a bakin ƙofa nake tuɓe takalmi in rakuɓe gefe.

Likita ya ce ciwon ya zo da sauƙi. Baki ya koma daidai, ƙafa tana takawa da ɗan ja, hannun hagu ne ya rage. Ya faɗa mana ƙarara cewa in Yaya bai riƙa fita yana tattaki yana motsa hannun ba, zai sandare, in kuwa ya sandare shi ke nan, ba mai dawo da shi. Yaya ya ce ya ji. Muka dawo gida, ya shige ɗaki ya saki labule.

Masallacin ƙofar gida kaɗai yake fita, hannun nan a cuse cikin babbar riga. Na san dalili, domin ya faɗa wa matarsa Hajiya, ita kuma ta faɗa min. Wai daga ƙofar gida zuwa bakin kasuwa mutum nawa ne zai tare shi da sannu, kowa ya fara kallon hannun kafin ya kalli fuskarsa? Rabin unguwar ɗalibansa ne. Gara ya zauna a ɗaki.

Hajiya abokiyar wasana ce, kamar yadda matar wa take ga ƙanen miji, ita kaɗai ce a gidan nake sakin baki da ita. Wata safiya ta tare ni a tsakar gida ta ce, "Kai ɗan hutu, ina sandunan nan naka na marasa aikin yi? Ka bar su suna tsatsa, yayanka yana ruɓewa a ɗaki."

Na koyi golf ne lokacin da aikin gwamnati ya kai ni Jos, na kuma iya daidai gwargwado. Da na dawo gida na jefa jakar sandunan bayan kabad, domin Yaya ya taɓa cewa bai ga amfanin ƙato ya bugi abu da kansa kuma ya bi shi yana nema ba. Ban isa in ce masa zo in koya maka ba. Sai na durƙusa bakin labule na ce ina so in riƙa zuwa gonarmu ta gado ta bayan ganuwa da sassafe in ɗan motsa jiki, amma an ce ana sare itatuwan kan iyaka, ni kuma ban san iyakar sosai ba, ko zai taimaka ya nuna min. Daga ciki ya ce, "Kai dai ba ka san komai ba." Washegari bayan asuba na same shi tsaye a zaure da hularsa.

Bazara ce, an daɗe da girbi, gonar fili ce fetal, babu kowa sai shanu jefi-jefi can nesa. Ya nuna min iyaka da bakin sandarsa, ya zauna a gindin ɗorawa yana kallona ina bugu. Bai cika mako ba ya miƙe ya ce, "Kawo in ga abin da ke cinye maka lokaci." Ya naɗe hannun riga a kafaɗa, ya juya min baya ya kama sandar yadda ba zan ga kamun ba, ya kai bugu. Ya bugi iska. Ya sake, ya tono ƙasa. A na gaba ƙwallon ya tashi, na ga fuskar Yaya ta yi wani haske da rabona da gani tun kafin ciwon.

A hanyar komawa ya yanke hukunci, kamar yadda ya saba yi a gaban taron ɗalibai. Ya ce, "Kafin ruwa ya sauka a yi shuka a gonar nan, in ƙwallon ya miƙe sai ka kai ni filinku na gaske. In bai miƙe ba ka kwashe tarkacenka. Ba zan je in zama abin dariya a gaban mutane ba." Na ce to. Na san in na kwashe tarkacen, labulen nan ne zai sake sauka, hannun kuma ya tafi.

Ƙwallon kuwa ya ƙi miƙewa. Zai tashi kamar abin arziki, ya nufi tsohon galan ɗin da na kafa a tsakiyar gona a matsayin abin saiti, sai a tsakiyar tafiya ya canza shawara ya lanƙwasa dama, ya yi ta lanƙwasa har ya faɗa kwari. Masu wasan golf suna kiran wannan cuta silais da Turanci, kuma kusan duk sabon shiga sai ya yi ta. Ga shi gefen dama na gonarmu kwari ne cike da ƙaya da ƙarangiya da busasshen kududdufi. Wa zai shiga ya ɗauko? Auta mana. Ni da gwiwar da ke ƙara in na tashi daga sujada, ni ne kullum a cikin kwari ina tone ciyawa da ƙafa, in fito wando ya danƙare da ƙarangiya, matata ta zauna da yamma tana cirewa tana mita.

Abin haushin shi ne tun ranar farko, duk da juya min bayan da yake yi, na hango matsalar, ba wani sirri ba ne. Hannun hagu shi ke riƙe ragamar sanda ga mai bugu da dama. Na Yaya ya zame can ƙarƙashin mariƙi, ba ya riƙe komai, saboda haka in sandar ta iso ƙwallo fuskarta a buɗe take tana kallon dama. Sannan da yake hagun ba ta aiki, sai ya tattara ƙarfinsa duka a kafaɗar dama ya jefo ta gaba, sandar ta sauko daga waje ta yanki ƙwallon a karkace kamar mai sassabe. Fuska a buɗe, sara a karkace, dole ƙwallo ya juya ya tafi dama. Maganin bai fi a faɗa cikin numfashi ɗaya ba: murɗa hannun hagu ya hau kan mariƙi har ka ga gaɓoɓin bayan yatsunka, manna gwiwar hannun dama a haƙarƙari, daidaita ƙafafu su kalli inda kake nufi. Na faɗa wa mutane da yawa haka a Jos, har da waɗanda suka fi ni muƙami. Amma wannan Yaya ne, kuma maganar a kan hannun da yake ɓoyewa take.

Saboda haka duk bugun da ya yi sai in ce, "Madalla, Yaya." Ƙwallo yana kwari, ni ina madalla.

Na bi ta bayan gida, yadda muka saba. Na fara da yi wa kaina faɗa. In karɓi sanda, in saki hannun hagu da gangan, in buga ƙwallon ya tafi dama, sannan in ɗaga murya in ce, "Kai, ni dai da wauta nake! Ga shi na bar hannun hagu ya zame ƙasa, ai dole ya lanƙwasa. Da na murɗo shi sama haka, da ya miƙe." In murɗa a hankali a gabansa, in sake bugawa ya tafi sak. Yaya ya gyaɗa kai ya ce, "Ai kai tun kana yaro haka kake, ba ka yin abu da natsuwa." Ya karɓi sanda ya juya min baya, ya aika wani kwari.

Na kawo labarin wani mutum a Jos, wanda babu shi a duniya, mai irin wannan matsala, da yadda wani ya ba shi shawara ya warke. Yaya ya saurara har ƙarshe ya ce mutumin bai da kai, abu ƙarami ya tsaya sai an faɗa masa. Na ajiye kwalin madara a gefen ƙwallo ta waje, na ce don kada iska ta ture shi ne, alhali so nake sandar ta ji tsoron kwalin ta sauko ta ciki. Ya yi raga-raga da kwali ya ce in daina tara masa shara a gaba. Na roƙi Hajiya ta sa baki. Ta ce, "Ni? Ina ruwana da wasanku? Mutumin da ko man zafi ba ya bari in shafa masa a hannun, sai ya karɓa ya shiga bayi ya shafa da kansa." Ta yi dariya, amma idonta bai yi ba.

Sai Yaya ya samo nasa maganin, irin na hedimasta. Ya ce tun da ƙwallo yana karkata dama, hankali ya nuna a nufi hagu. Ya sa na ɗauke galan na matsar da shi hagu. Duk wanda ya san wasan ya san wannan ƙara wa wuta fetur ne: iya yadda ka juya jiki hagu, iya yadda sandar ke ƙara yanko ƙwallon a karkace, iya yadda yake ƙara lanƙwasa. Na san haka sarai. Na ɗauki galan na kai inda ya nuna na ce, "Nan ya yi, Yaya?" Kowace safiya galan yana ƙara matsawa hagu, ƙwallo yana ƙara nisa cikin kwari. Har ta kai Yaya yana fuskantar ganuwa sosai kamar mai shirin rushe ta, ƙwallon kuma yana zagayowa ya faɗi kusan bayan kunnensa na dama.

Na gaji, wallahi na gaji. Na gaji da tashi da jakar nan a kafaɗa ta lungunan unguwa mutane suna tambayata ko na koma gyaran famfo. Na gaji da ƙarangiya. Na fi gajiya da madallar da ke fita daga bakina ba da izinina ba. Ga zafi ya tsananta, hadari ya fara haɗuwa ta gabas da yamma yana watsewa, mutumin da ke noma mana gonar ya zo ya ce zai fara share ta. Yaya ya daina hira a hanya. Yana bugu yana duban sama.

Ranar da abin ya faru an tashi da zafi mai turnuƙe mutum, iska ko kaɗan babu. Ya buga wani da ya fi duk na baya muni, na gangara kwari nemansa, ƙaya ta huda silifas ta shige min tafin ƙafa. Na zauna na zare ta, na hauro ina ɗingishi, gumi ya jiƙa ni sharkaf, ban ma sami ƙwallon ba. Na tarar da Yaya ya ɗaga sandar yana duba ta da ido ɗaya. Ya ce, "Na gano abin. Sandar nan taka karkatacciya ce. An cuce ka a Jos, kai kuma ba ka duba kaya kafin ka karɓa."

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Haba Yaya! Sanda lafiyarta ƙalau. Galan lafiyarsa ƙalau, iska ma ba ruwanta. Hannunka ne! Hannun hagunka ne ba ya riƙe komai. Tun ranar farko shi ne, ina ta ce maka madalla, babu wata madalla!"

Ban tsaya nan ba. Na matsa na ɗage masa hannun riga na kamo hannun, zan ɗora shi inda ya kamata ya zauna.

Sai na ji abin da na kama. Hannun da ya sha murɗe min kunne ne, amma ba nauyi, ga sanyi a wannan zafin. Naman tsakanin babban yatsa da manuni ya zube. Ƙananan yatsu biyu na ƙarshe ba sa rufuwa, sun tsaya rabi. Tafin kuwa duk ya saɓule inda mariƙi ke gogarsa, ya ɗaure wurin da tsumma, tsumman ya manne da ciwon. Ashe ba rashin fahimta ba ne. Duk zagaye-zagayen da nake yi ya gane su tsaf. Ya san inda hannun ya kamata ya hau, hannun ne ba ya iya zama a wurin, mariƙin ya yi masa siriri.

Ya dube ni, ban iya riƙe idonsa ba. A hankali ya ce, "Sake ni."

Na sake shi. Ya ajiye sandar a ƙasa, ya sauke hannun riga ya rufe hannun, ya kama hanyar gari yana jan ƙafa. Na kwashi kaya na biyo shi daga nesa. Bai waiwayo ba har ya shige gida.

Labule ya sauka. Kowace safiya ina zuwa gaisuwa kamar kullum, in durƙusa a bakin ƙofa in ce ina kwana, ya amsa daga ciki da lafiya, shi ke nan. Hajiya ta tsare ni a soro ta ce, "Me ka yi masa?" Na faɗa mata. Ta ce, "Kai ka ga hannun? Ni rabona da ganinsa tun asibiti." Ba ta ce na kyauta ba, ba ta ce ban kyauta ba. Ta koma ciki.

A kwanakin nan haushi nake ji, na kaina da nasa da na gidan da ya raine mu a haka. Wani lokaci in ce ai gaskiya na faɗa, wani lokaci in ce wa ya aike ni. Don in sami abin da zan yi da hannuna, na je wurin mai faci na samo tsohon tiyub na keke, na yayyanka shi siri-siri, na nannaɗe mariƙin sandar da Yaya ya fi so har ya yi kauri yadda yatsun da ba sa rufuwa za su iya kewaye shi. Ban yi tsammanin za a yi amfani da ita ba. Na jingine ta a zauren Yaya na yi tafiyata, ban ce wa kowa komai ba.

Aka yi yayyafin farko, wanda ke tayar da ƙamshin ƙasa amma bai isa shuka ba. Manoma suka fara fito da iri. Na riga na sallama.

Washegari da na je gaisuwa ban kai bakin labule ba. Yana tsaye a zaure, sandar tiyub a hannunsa na dama. Bai amsa gaisuwata da kyau ba, ya wuce gaba na bi shi. Muka fita ƙofar gari. A gona ya dubi galan can kusa da ganuwa ya ce in mayar da shi tsakiya. Na mayar. Na dawo na ɗora masa ƙwallo na ja da baya, ina jiran ya juya min baya kamar kullum.

Bai juya ba. Ya naɗe riga a kafaɗa, ya fito da hannun fili, ya miƙo min shi. Ya ce, "Ɗora min."

Na kama. Na kwantar da mariƙin a gindin yatsunsa, na murɗo hannun sama, na lanƙwasa ƙananan yatsun ɗaya bayan ɗaya a kan robar. Na ce ya manna gwiwar hannun dama a jikinsa, ya manna. Na sunkuya na ja ƙafarsa ta dama baya kaɗan, ya bari na ja. Na ce kada ya sa ƙarfi, ya bar sandar ta sauko ta kusa da jikinsa. Duk abin da na ce sai ya ce to. Yaya ne yake ce min to.

Ya daidaita, ya tsaya. Sai ya ɗago kai ya dube ni ya ce, "Haka?"

Na ce, "Haka."

Ya buga. Ƙwallon bai yi nisa ba, ko rabin hanyar galan bai kai ba, amma ya tafi kai tsaye, sai a ƙarshe ya ɗan jingina dama kaɗan ya faɗi cikin gona. Yaya bai yi murna ba. Ya yi ƙoƙarin sakin sandar, yatsun suka ƙi buɗewa, na zo na ɓamɓare masa su. Ya huta, ya sake miƙo hannun.

Da aka yi shuka na kai shi filin gaske. Har yanzu muna zuwa, in gwiwata ta yarda. Hannun bai sandare ba, yana ɗaga kofin shayi da shi, likita ma ya yaba. Abin da nake nema ke nan, na kuma samu, na gode wa Allah. Sai dai kafin kowane bugu yana miƙo min hannun in ɗora masa, ya ɗago ido ya jira in ce haka ne, in ban ce ba ba ya bugawa. Ko a gida yanzu in magana ta taso, ta aure ko ta gyaran katanga, sai ya faɗi ra'ayinsa rabi ya tsaya ya dube ni. Mutane suna cewa ciwo ya sa Yaya ya yi laushi, suna jin daɗi. Ni ba na jin daɗi. Duk duniya ba ni da sauran wanda zai ce min ban san komai ba, kuma ni na kama hannunsa ran nan a gona.